Ido Ba Mudu Ba

Mai duba jini don neman zazzaɓin cizon sauro baƙo yake nema. Ƙwayar cutar halitta ce daban, sauro ne ya kawo ta, kuma idan ta bayyana cikin jar ƙwayar jini da ɗan zobenta da ɗigonta, magana ta ƙare. Haka ma mai neman ƙwayar tarin fuka. Amma likitan da aka kawo wa tsokar da aka yanko daga nonon wata mata, aka ce ya faɗa ko ciwon daji ne, bai sami wannan sauƙin ba. Babu wani baƙo a gabansa. Ƙwayar daji 'yar gida ce, daga jikin matar ta fito, uwarta da kakarta lafiyayyun ƙwayoyin nono ne, kuma sau da yawa tana nan da kamannin danginta. Tun 1858 likitan Jamus Rudolf Virchow ya kafa wannan magana a littafinsa, cewa kowace ƙwayar halitta daga wata ƙwayar take fitowa, har da ta cuta. Saboda haka aikin wannan likita shi ne ya dubi 'yan gida ɗaya ya nuna wanda ya kangare.

Marar lafiya ba ya ganin wannan likita, ba ya ma sanin sunansa. Yana can ƙuryar asibiti a sashen fatoloji, a irin manyan asibitocin koyarwa na Shika da na Malam Aminu Kano da na Maiduguri da Sakkwato, gabansa madubin likita da tiren gilasai. Amma takardar da ya sa wa hannu ita ke yanke ko za a cire nono, ko za a fara ƙarin ruwan maganin daji, ko kuwa a ce wa mutum ya tafi gida ya kwanta da hankalinsa.

Kafin ido ya ga komai, sai hannu ya yi nasa. Tsokar da ta fito daga ɗakin tiyata ana tsoma ta cikin ruwan fomalin don ta sandare yadda take, kada ta ruɓe. Likita ya auna ta, ya shafa wa gefunanta tawada domin ya gane bakin yanka daga baya, ya tsaga ta, ya zaɓi wuraren da zai duba. Daga nan masanin ɗakin gwaji ya karɓa. Zai zuƙe ruwan da ke cikinta da alkohol, ya maye gurbinsa da narkakken kakin kyandir, ya bari ya daskare, sannan ya ɗora a injin yanka ya riƙa fere ta. Kaurin kowane yanki bai wuce kashi 4 ko 5 cikin 1000 na milimita ba, wato sai an jera fiye da goma kafin a kai kaurin silin gashin kai. Yankin yana fitowa ne a tattakure, sai a shimfiɗa shi kan ruwan ɗumi ya miƙe, a tsamo shi da ɗan gilashi. Idan wuƙar ta dakushe ko hannun ya yi rawa, tsokar za ta yage ko ta naɗe, kuma babu gwanin da zai iya karanta ta. Ni dai a ganina ba a yaba wa waɗannan masu yanka yadda ya kamata.

Abin da ke kan gilashin a wannan mataki ba shi da launi, sai an rina. Rini biyu ne ake ta amfani da su fiye da shekara 100, kuma har yau ba a sami wanda ya ture su ba. Na farko, hematoksilin, daga ɓargon wata bishiya ake samun sa, wadda asalinta yankin Kamfece ne a ƙasar Meksiko, kuma tufafi Turawa suka fara rinawa da ita kafin likitoci su gano amfaninta. Shi ke kama cibiyar ƙwaya, inda kayan gado suke, ya mai da ita shuɗiya mai duhu. Na biyu, iyosin, shi ke rina sauran jikin ƙwayar ruwan hoda. Da shuɗi da ruwan hoda kawai ake yanke mafi yawan hukuncin ciwon daji a duniya.

Sabon ɗalibi idan ya zauna gaban madubi, hannunsa kan idon madubin da ya fi ƙara girma yake fara zuwa, yana ɗokin ganin ƙwayar ido da ido. Malaminsa kuwa daga mafi ƙanƙanta yake farawa, wani lokaci ma sai ya ɗaga gilashin tsokar sama ya dube shi da ƙwayar idonsa tukuna. Dalili shi ne tsari ya fi fuska faɗin gaskiya. Jikin mutum yana da ƙwayoyi wajen tiriliyan 30, iri fiye da 200, kuma kowane iri da yadda yake zama. A bangon uwar hanji, ƙwayoyin suna jere ne cikin 'yan ramuka masu zurfi ɗaya, a miƙe, tazararsu ɗaya, kowace ƙwaya cibiyarta a ƙasa, majinar da take yi a sama. A fata, na can ƙasa ne kaɗai ke haihuwa. 'Ya'yansu suna hawa sama a hankali, suna faɗi, suna baje, cibiyarsu tana ƙanƙancewa har ta ɓace, su mutu su zube. Lafiyayyar ƙwaya ta san sama da ƙasa, ta san maƙwabciyarta, ta san lokacin da za ta daina haihuwa, kuma ta san lokacin mutuwarta. Ƙwayoyin bangon hanji kwana 3 zuwa 5 suke yi a canza su, amma tsarin bai taɓa rushewa ba.

Wanda ya shekara da shekaru yana kallon wannan, idonsa ya riga ya haddace shi. Bafulatani ba ya ƙirga shanunsa ɗaya bayan ɗaya kafin ya san akwai wadda ba ta da lafiya. Kallo ɗaya zai yi wa garke ya ga wata ta ware, ko tafiyarta ta sauya, domin ya san yadda garken yake idan lafiya lau ne. Haka gwanin fatoloji. Da ya ɗora gilashi, cikin daƙiƙoƙi kaɗan wani wuri zai ja idonsa: nan shuɗi ya yi yawa, nan ramukan sun cunkushe sun haɗe baya da baya, nan babu majina, nan ƙwayoyin da ya kamata su tsufa su baje sun kai har sama suna nan da ƙuruciyarsu. Shi ya sa shekarun farko na koyon wannan aiki a kan lafiyayyar tsoka suke ƙarewa.

Sai bayan nan zai matso kusa. Abu na farko cibiya. A lafiyayyar ƙwaya, cibiya ba ta cika wuce kashi ɗaya cikin huɗu zuwa shida na girman jikin ba. A ƙwayar daji tana iya kumbura har ta yi kusan daidai da sauran jikin, ta sha rini ta yi baƙi-ƙirin, gefenta ya yi ƙwaƙƙwaɓe maimakon santsi. Abu na biyu, rashin kama da juna. Lafiyayyun ƙwayoyi iri ɗaya kusan girmansu ɗaya ne, amma a cikin ƙari mai mugunta sai ka ga wannan ƙatuwa, waccan 'yar mitsitsiya, wata da cibiya biyu ko uku. Abu na uku, haihuwa. Ƙwayar da ke tsakiyar rabuwa gida biyu tana da siffar da ba ta ɓuya, kuma likita yana ƙirga su a fili goma na madubi. Yawansu alama ce, amma abin da ya fi tayar da hankali shi ne rabuwar da ta karkace, inda kayan gado suka ja gida uku ko huɗu maimakon biyu. David Hansemann, wanda ya yi aiki ƙarƙashin Virchow a Balin, shi ya bayyana irin wannan karkatacciyar rabuwa a 1890, tun kafin kowa ya san mene ne DNA.

Abin burgewa shi ne kowace alama a cikin waɗannan tana da dalilinta, kuma binciken da ya biyo baya ya gaskata idon magabata. Cibiya tana duhu ne domin kayan cikinta sun ƙaru sun hargitse. Lafiyayyar ƙwayar mutum kuromosom, wato ƙunshin kayan gado, 46 gare ta, ta daji kuwa tana iya ɗaukar 70 ko fiye, wasu a karye, wasu a manne inda ba wurinsu ba. Haihuwa tana yawa ne domin birki ya lalace. Akwai wani sinadari mai suna p53, wanda aka gano a 1979, aikinsa shi ne idan kayan gadon ƙwaya suka sami rauni ya tsayar da ita har a gyara, in kuma gyaran ya gagara ya sa ta kashe kanta. A kusan rabin ciwon dajin ɗan Adam, wannan mai gadi ya lalace. Sannan akwai maganar tsufa. A 1961 Leonard Hayflick ya nuna cewa lafiyayyun ƙwayoyin mutum da aka raina a kwalba sukan rabu wajen sau 50 ne su tsaya. Su kuwa ƙwayoyin da aka ɗebo daga sankarar bakin mahaifar Henrietta Lacks a asibitin Johns Hopkins a 1951, ba tare da an nemi izininta ba, har yau suna haihuwa a ɗakunan bincike na duniya, alhali ita ta rasu a wannan shekarar. Hatta matacciyar tsokar da likita kan gani a tsakiyar ƙari tana da bayani: ƙarin ya yi saurin girma ne har ya wuce inda jini ke kaiwa, na tsakiya suka mutu da yunwa.

Duk da haka, munin fuska bai isa a yanke hukunci ba. Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce, ta tsallake iyaka ko ba ta tsallake ba? Ƙarƙashin kowane rufi na jiki, na fata ne ko na hanji ko na bututun nono, akwai wata siririyar shimfiɗa da ƙwayoyin ke zaune a kai. Lafiyayyar ƙwaya ba ta huda ta. Idan ƙwayoyin sun munana amma suna nan bisa shimfiɗar, ciwon yana inda ya tsira, kuma cire wurin yakan wadatar. Idan kuwa likita ya ga 'yan ƙwayoyi biyar ko goma sun ɓalle sun nutsa cikin tsokar ƙasa, labari ya canza, domin a nan ne hanyoyin jini da na kaluluwa suke. Daga nan sai hammata, sai hanta, sai huhu, sai ƙashi. Nan ne tawadar da aka shafa tun farko take amfani: idan ƙwayar daji ta taɓa tawada, to wuƙar likitan tiyata ta bi ta cikin ƙarin ne, akwai saura a jiki.

Wani abin mamaki, ƙwayar daji ko ta yi nisa ba ta cika mance sana'ar gidansu ba. Za a yanko ƙari daga hanta, likita ya duba ya ga ƙwayoyin suna ƙoƙarin yin ramuka suna zubar da majina, sai ya rubuta cewa a binciki hanji, daga can ta taso. Dajin fata yakan dunƙule abin da fata ke yi ya zama 'yan ƙwallaye masu ruwan hoda. Gwargwadon yadda ƙari ya riƙe kamannin asalinsa, gwargwadon yadda ake sa ran zai yi sauƙin hali. Wanda ya mance komai, har ba a iya cewa daga ina ya fito, shi ne ya fi gudu. Albert Broders na asibitin Mayo a Amurka ne ya fara ba wannan maki a 1920, yana nazarin dajin leɓe, kuma lambar da ake gani yau a takardar sakamako jikar aikinsa ce.

Da a ce iyakar aikin ke nan, da kowa ya haddace alamomin ya zama gwani. Amma kama da wane ba ta wane. Tsokar da ke warkewa daga rauni ita ma tana haihuwa da sauri, cibiyoyinta su kumbura, tsarinta ya hargitse. A ɗauki gyambo, wanda muka sani sarai a ƙasar nan. Gyambon da ya shekara goma ko ashirin, ko tabon ƙuna, yana iya rikiɗewa ya zama daji, abin da likitoci ke kira da sunan Marjolin, likitan Faransa na ƙarni na 19. To amma bakin gyambon da bai rikiɗe ba shi ma fatarsa takan yi kauri ta miƙa 'yan yatsu cikin tsokar ƙasa, har ta yi kama da dajin da ya fara nutsawa. Ɗaya wanki da ɗauri da dashen fata yake so, ɗayan kuwa wataƙila sai an yanke ƙafa. Bambancin yana cikin abubuwa ƙanana: shin ƙwayoyin suna balaga yadda ya kamata, shin rabuwarsu daidai take, shin yatsun nan a haɗe suke da sama ko sun ɓalle. Haka kuma a 1954 wani likitan ƙasar Peru, Javier Arias-Stella, ya nuna cewa ciki kaɗai yana iya sa ƙwayoyin bangon mahaifa su yi munin da za a rantse daji ne, alhali juna biyu ne kawai. Likitan da bai san matar tana da ciki ba yana iya sa a cire mata mahaifa a banza.

Akwai kuma akasin haka, wanda ya fi ban tsoro. Wani nau'in dajin maƙoƙo ƙwayoyinsa kyawawa ne, a jere, ba su da wani aibi. Ko da allura aka zuƙo su aka duba, ba za a iya raba su da ƙari marar illa ba. Sai an ciro ƙarin gaba ɗaya, likita ya bi kewayen jakar da ta lulluɓe shi yanki bayan yanki, yana neman wuri ɗaya tak da ƙarin ya huda jakar ko ya shiga jijiyar jini. Yana iya duba gilashi ashirin bai ga komai ba, ya gani a na gaba.

Saboda haka gwani ba ya karanta gilashi shi kaɗai. Yana son ya san shekarun mai tsokar, daga ina aka yanko, tun yaushe abin ya fito, tana shayarwa ko a'a, an taɓa gasa wurin da na'ura ko ba a taɓa ba. Kumburin kaluluwa a wuyan saurayi a Kano na iya zama tarin fuka, na iya zama dajin kaluluwa. Ƙari a mafitsarar manomin da ya tashi yana wanka a kududdufi, idan aka ga ƙwan tsargiya a cikin tsokar, ya ba da nasa labarin, domin tsargiyar da ta daɗe tana sa rufin mafitsara ya sauya ya koma irin na fata, daga nan daji ya tsira. Takardar neman gwajin da aka rubuta wa suna da kalmar "ƙari" kawai, rabin ido aka rufe wa mai dubawa.

A 2015 wasu masu bincike a Amurka, Richard Levenson da Edward Wasserman da abokan aikinsu, suka koya wa tantabaru duba hotunan tsokar nono. Idan tantabara ta caki maɓallin da ya dace, sai a ba ta tsaba. Cikin kwana 15 suka kai ga dacewa wajen kashi 85 cikin 100, kuma da aka haɗa amsoshin garken wuri guda, suka kai kashi 99. Likitocin fatoloji sun sha zolaya a kan wannan. Abin da binciken ya nuna gaskiya ne, wani ɓangare na aikin sabon ido ne tsantsa, kuma shi ne ɓangaren da kwamfuta take ta koya yanzu. Sai dai tantabara amsa biyu kawai aka ba ta ta zaɓa. Ba ta iya cewa tsokar nan ba daga inda ya kamata aka yanko ta ba, a sake yankowa. Ba ta iya ɗaukar gilashi ta ƙwanƙwasa ƙofar abokin aiki ta ce zo ka gani. Kuma mafi wuyar abin da gwani ke rubutawa shi ne cewa abin da ke gabansa bai isa a yanke hukunci ba, alhali likitan tiyata yana waya, dangi suna jira a baranda.

Wani reshe na wannan sana'a ma ba ya samun tsari ko shimfiɗar da zai dogara da su, sai ƙwayoyi warwatse. George Papanicolaou, Bagirke da ya koma Amurka a 1913, ya lura cewa ƙwayoyin da ke zubowa daga bakin mahaifa suna nuna daji tun kafin ido ya ga komai. Ya faɗi haka a 1928 ba a kula shi ba, sai da littafinsa da Herbert Traut ya fito a 1943. Matarsa Mary ta shafe shekara 21 tana ba shi samfur daga jikinta. Mai duba irin wannan gilashi yana bin dubun-dubatar ƙwayoyi layi-layi, yawancinsu lafiyayyu, yana neman 'yan kaɗan da cibiyarsu ta kumbura, ko waɗanda wani farin fili ya kewaye cibiyarsu, alamar ƙwayar cutar HPV. Gajiyar ido a nan haɗari ce, har dokar Amurka ta hana mutum ɗaya duba fiye da gilashi 100 a yini. Ribar kuwa babba ce, domin daga kamuwa da HPV zuwa sankarar bakin mahaifa yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20, kuma duk tsawon wannan lokaci ana iya ganin sauyin a kau da shi. Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV a watan Oktoba na 2023, amma iyayensu mata da yayyensu da suka wuce wannan shekaru, idon mai duba ne ya rage musu.

A yau idan shuɗi da ruwan hoda suka gaza, akwai wasu rini na musamman da ke kama sinadari ɗaya tak su mai da shi ruwan ƙasa. Da su ake tambayar ƙarin da ya mance asalinsa daga ina ya fito. Da su kuma ake tambayar dajin nono ko yana cin abinci daga sinadarin mata, wanda idan haka ne ƙwayar tamoksifen za ta yi masa aiki, ko yana ɗauke da wani sinadari mai suna HER2 da yawa, wanda ke da nasa maganin daban. Mata biyu masu ƙari iri ɗaya a ido suna iya komawa gida da magani mabambanta saboda wannan.

Sai dai duk wannan ƙwarewa tana rataye ne a kan abin da ya faru cikin awa ɗaya bayan tiyata. A wurare da yawa, idan aka cire ƙari, sai a nuna wa dangi, su karɓa su je su binne, ko a jefar, musamman idan likita ya ce da alama ba mugu ba ne. Alama kuwa a nan ba ta isa ba, tunda shi kansa mai madubi sai ya yi da gaske. Wani lokaci kuma a sa tsokar a ruwan gishiri, ko a cusa ƙatuwar tsoka cikin 'yar kwalba da fomalin ɗan kaɗan, ta yi kwanaki a hanya daga ƙaramin asibiti zuwa babban birni, kafin ta iso cikinta ya narke. Ƙa'idar ita ce ruwan fomalin ya ninka tsokar sau 10, a tsoma ta da wuri, a tsaga babba domin ruwan ya ratsa. Tsokar nono da za a yi wa gwajin HER2 ana so ta zauna a ciki tsakanin awa 6 zuwa 72. Idan ta gaza haka ko ta zarce, rinin na iya ƙin kamawa, takarda ta fito da "babu" a inda akwai, a hana mace maganin da ya dace da ciwonta.